Kafin A Ɗaura Tamfol: Tambayoyin Direbobi Kan Tsohuwar Motar Gas

Daga girbi zuwa tsakiyar rani, saƙonnin da ke zuwa filin amsa tambayoyin masu sauraro na wani shirin sufuri sukan koma kan abu guda, wato lafiyar inji. Lokacin ne manyan motoci ke lodin masara da wake da riɗi a Dawanau, albasa daga Aliero, shanu daga Potiskum da Maigatari, su nausa Kudu. Tsakanin Kano da Legas akwai kusan kilomita 1,000, kuma da yawa daga cikin motocin da ke wannan zirga-zirga sun ci rabin ƙarfinsu a Turai ko Amurka kafin su shigo: DAF, MAN, Mack, ga kuma tsohuwar Marsandi 911 da har yau ta ƙi ritaya. Mai gabatar da shirin, wanda ya daɗe a gareji kafin ya zauna gaban makirfo, ya ware zaman makon nan kacokan domin waɗannan motoci.

Wasiƙar farko daga wani Alhaji ce a Funtuwa. Ya sayi DAF 'yar Kwatano, dillali ya rantse masa cewa ba abin da ke damunta, ga kuma lodin masara na jiransa jibi. Tambayarsa ita ce me zai duba kafin motar ta tashi.

Mai gabatarwa ya yi masa murna da fatan alheri, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, in da hali a ɗaga lodin nan da mako guda." Ya bayyana cewa motar da ba a san tarihinta ba, ana ɗaukarta ne kamar ba a taɓa yi mata juye ba. A zubar da baƙin man da ta zo da shi, a canja filtar baƙin mai da ta gas da ta iska, a duba man giya da na difiransha. Kafin juyen, a zo da asuba inji na sanyi a zaro sandar gejin mai. In man ya yi fari-fari ya yi kauri, ruwa na shiga cikinsa. In ya haura alama yana warin gas, to nozil ko famfo na zubar da gas ciki, kuma man da ya tsinke haka ba ya kare metal. Bayan an tayar, a dubi bututun da inji ke numfashi ta cikinsa: ɗan tururi ba laifi ba ne, amma in yana feso hayaƙi da ɗigon mai, ringi ya gaji.

Abin da ya fi nanatawa shi ne gwaji da kaya. A cewarsa, motar da ke tsaye a gareji ba kaya kusan kullum lafiya take nunawa. A ɗora mata nauyi a je Zariya ko Gusau a dawo, ido na kan agogon zafi da na mai da na iska, sannan a kwana a duba ƙasanta da safe ko wani abu ya ɗiga. Nati ɗin da aka manta ba a ɗaure ba, da tiyon da aka mayar a karkace, a irin wannan gajeriyar tafiya suke bayyana, inda bakanikenka ke kusa. Shi ya sa ya hana yin babban gyara daren tafiya.

Saƙo na biyu na wani direba ne daga Gusau, wanda ya ce tun shigowar hunturu motarsa ke tuƙa baƙin hayaƙi, kuma ko ƙaramin hawa sai ya sauko giya biyu. Wani ya ba shi shawarar a ƙara wa famfon injekta mai.

Nan mai gabatarwa ya koma tushe. Injin gas ba shi da fulogi. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafin da gas zai kama da kansa in nozil ya feso shi. Don haka baƙin hayaƙi na nufin gas ya fi ƙarfin iskar da ke shiga, kuma ƙara mai ƙara ciwo ne: hayaƙi zai ƙaru, kuɗin gas zai ƙaru, zafin salansa zai hau har ya taɓa turbo da kan fistin. A lokacin hazo, in ji shi, filtar iska ce abin zargi na farko, domin ƙurar hunturu na toshe ta cikin ɗan lokaci. Ya roƙi yaran mota su daina buga filta a jikin taya, saboda takardar na yagewa ta inda ido ba ya gani, ƙura ta wuce kai tsaye ta cinye silinda. In za a hura, a hura a hankali daga ciki zuwa waje, in kuwa ta tsufa a sayi sabuwa. Bayan filta sai tiyoyin da ke tsakanin turbo da inji: wanda ya tsage yakan yi fito in an taka totur, kuma yakan bar jiƙar mai a wurin tsagar. Sai an gama da waɗannan ake kai nozil wurin masu gwaji.

Ya ƙara da sauran launukan biyu. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa, ko ta ringi ko ta turbo. Fari kuwa, in da sanyin safiya ne kuma ya ɗauke bayan inji ya ɗumama, gas ne bai gama ƙonewa ba. In bai ɗauke ba, ga ruwan lagireto na raguwa, ga kumfa na tasowa a bakinsa, to gasket ne ko kan inji, kuma motar ba ta tafiya ko'ina sai gareji.

Daga nan aka saka saƙon murya na wani yaron mota da ya kira daga Tafa, muryarsa duk a gajiye. "Baba, mun sha gas na jarka a hanya, ba mu yi nisa ba mota ta fara shiƙa ta mutu. Ogana ya ce famfo ne ya tafi."

"Ɗana, ka gaishe da ogan naka, ka ce masa kada ya kwance famfo tukuna," in ji mai gabatarwa. Ya ce a fara da kofin da ke ƙasan filtar gas ta farko. Ruwa ya fi gas nauyi, don haka a ƙasa yake kwanciya. A kwance ɗan fanfon da ke gindin kofin a tara a kwalba mai haske, za a ga ruwan ya ware. A zubar har gas zalla ya fito, a canja filta, in ruwan da yawa a sauke tankin gaba ɗaya. Bayan haka iska ta riga ta shiga layi, kuma injin gas ba ya tashi da iska a layinsa. A sassauta natin fitar da iska da ke kan filta, a yi ta danna famfon hannu har kumfa ta ƙare, a ɗaure, sannan a tayar. Ya gargaɗi yaron da kada ya dinga murza makulli ba hutu, domin kik na ƙonewa, batir kuma na mutuwa.

Ya yi amfani da wannan tambaya ya ja kunnen masu sababbin motoci. Tsohuwar 911 mai famfon layi tana da juriya, takan haɗiye gas mara kyau ta wuce. Injinan zamani masu kwamfuta kuwa suna feso gas da matsin da ke kaiwa bar 1,600 zuwa sama, kuma nozil ɗinsu gas ɗin ne ke shafa musu maiƙo. Gas ɗin da aka gauraya da kananzir ba shi da wannan maiƙo, ruwa kuma tsatsa yake kawowa. A irin waɗannan injina, ya ce, kada kowa ya sassauta bututun nozil inji na aiki, domin feshin na iya huda fata. Shawararsa ita ce a sha mai a gidan man da aka sani, a cika tanki da yamma don rage raɓar da ke taruwa a cikinsa da dare, a riƙe filtar gas biyu a akwati.

Wata Hajiya daga Damagaram, mai motar da ke kai kaya Agadas ta Tanut, ta rubuto cewa bakanikenta ya cire tamostat ya jefar, wai na ƙasar sanyi ne. Tana so ta san ko ya yi daidai.

Mai gabatarwa ya ce wannan al'ada ta zama ruwan dare daga Kano har Yamai, kuma bai goyi bayanta ba. An ƙera injin ne ya yi aiki a zafin da ke tsakanin digiri 80 da 95. Tamostat ne ke kai shi can da wuri ya riƙe shi. In an cire, inji kan daɗe yana aiki da sanyi, gas ba ya ƙonewa sosai, silinda na saurin ci. A injina da yawa kuma, tamostat ɗin ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa ba tare da ya bi lagireto ba, don haka cire shi na iya sa motar ta ƙara zafi a hawa. "Hajiya, motar da ke zafi tana da dalili," in ji shi. A wanke ƙura da ƙaiƙayin da suka toshe fuskar lagireto, a duba fanbel, a duba fanka da famfon ruwa, a canja murfin lagireto in robarsa ta mutu, domin matsin da murfin ke riƙewa ne ke hana ruwa saurin tafasa. Ruwan rijiya zalla na barin farin gishiri a cikin bututu, ya fi kyau a haɗa ruwa mai tsabta da maganin lagireto. In kuwa agogo ya hau ja a tsakiyar daji, a tsaya a gefe, kada a buɗe murfi da zafi, kada kuma a kwara ruwan sanyi a inji mai zafi, domin kan inji na tsagewa.

Tambayar da ta fi cin lokaci daga wani direban tirela ta zo, wanda ke bin hanyar Jos zuwa Akwanga. Ya ce agogon iskarsa na sauka in motar ta kwana, kuma a gangaren Hawan Kibo birki kan yi wari har ya ji ba ya kamawa sosai.

Muryar mai gabatarwa ta canja a nan. Ya ce wannan gangare ya ci rayuka da yawa, kuma sau da yawa akan samu kasuwa da masu talla da ƙananan motoci a ƙasan irin wannan gangare. Ya ba da gwajin da kowa zai iya yi a tasha: a sa waigi a taya, a bar iska ta cika har kwamfaresa ya yanke, a kashe inji, a saki birkin hannu, a taka birki a riƙe minti ɗaya. Bayan faɗuwar farko, allura ta kusan tsayawa cak. In tana ci gaba da zamewa, akwai yoyo, a bi tiyoyi da mahaɗarsu da ruwan sabulu har a ga inda ke kumfa. Kowace safiya a ja zoben da ke ƙasan tankunan iska: in ruwa ya fito da yawa, na'urar busar da iska ta gaji, in mai ne ya fito, kwamfaresa ne. A leƙa kaurin lainin birki a kowace taya, har da na bodi, domin tirelar da kanta kaɗai ke kama birki ita ce ke naɗewa a hanya.

Warin kuwa, ya ce, daga tuƙi ne. Duram da aka daɗe ana taka masa birki yakan yi zafi ya buɗe, laini ya yi santsi. Ana zaɓen ƙaramar giya ne tun a saman gangare, a kunna birkin inji, a taɓa birkin ƙafa lokaci-lokaci a saki. Masu sa mota a firi don tsimin gas suna kashe birkin inji da hannunsu, ga kwamfaresa na juyawa a hankali daidai lokacin da ake shan iska, ga giya na ƙin shiga in gudu ya yi yawa. Ya tuna wa direbobi cewa dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade wa tirela da tanka kilomita 60 a awa a babbar hanya mai tagwaye, kuma tun 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu.

Sauran saƙonnin ya haɗa su ya amsa a gurguje. Ga mai tambaya kan tayoyin gwanjo: a gefen kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019, kuma tayar da ta tsufa ko ta tsattsage bai kamata ta hau gaba ba, komai kyan zanenta. A auna iska da geji taya na sanyi, a cire dutsen da ya maƙale tsakanin tagwayen taya, a sake ɗaure natin tayar da aka kwance bayan kilomita 50 zuwa 100. A duk tsayawa a kusantar da hannu ga cibiyar kowace taya, wadda ta fi 'yan'uwanta zafi boris ɗinta ko birkinta na neman taimako. Ga mai ƙorafin batir: manyan motoci batir biyu suke haɗawa su ba da bolt 24, a canja su tare, kuma in inji na aiki caji ya nuna kusan 28. Ga wanda turbo ke yawan mutu masa: bayan doguwar tafiya a bar inji ya yi minti uku zuwa biyar a tsaye kafin a kashe.

Da lokaci ya ƙure, ya karanto abin da ya kamata a samu a akwatin kowace mota mai doguwar tafiya: fanbel, filtar gas, tiyo da kilif, fis, galan na baƙin mai, jarkar ruwa, jak mai ɗaukar nauyin motar da kayanta, waigi, na'urar kashe gobara, da alamar tsayawa mai ƙyalli, domin ganyen da ake zubawa a titi ba ya haskawa da dare. Ya nemi gafarar masu tambaya kan kuloci da giya, ya ce wasiƙunsu ne za su buɗe zaman mako mai zuwa, kuma zai gayyato mai gyaran famfon injekta ya zauna da shi a ɗakin watsa shiri.