Amsar Tambaya: Anya Allah Zai Sake Karɓa Ta?

Tambaya: Ni Kirista ne, ina noman rani a Bunkure. Kuɗin zumuntar maza da aka ba ni ajiya na zuba a tumatir, tsutsa ta cinye gonar. Kunya ta hana ni zuwa majami'a. Anya Allah zai sake karɓa ta?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka yi cin amana ne. Tsutsar ba laifinka ba ce, manoman Kura da Kadawa sun ɗanɗana ta a 2016, amma taɓa ajiyar laifinka ne.

Duk da haka, Allah zai karɓe ka. Buɗe Yohanna sura 21. Kafin nan, Bitrus ya yi musun Yesu sau uku yana jin ɗumin wuta. Da Ubangiji ya tashi daga matattu, bai kore shi ba. A bakin tekun Tibariya ya gasa kifi, ya ciyar da shi, ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, sannan ya damƙa masa kiwon tumakinsa. Wannan wurin yana taɓa zuciyata ƙwarai: wanda ya ci amana, shi aka sake ba wa amana. Markus ma ya gudu ya bar Bulus a Bamfiliya, daga baya Bulus da bakinsa ya ce a kawo masa shi.

Alherin Allah kamar ruwan dam ɗin Tiga ne: yana nan a babbar kwata, kai ne ka toshe bakin fangalinka.

Kafin Lahadi, je wurin fasto da dattawa biyu, ka faɗi adadin kuɗin ba ragi. Ku rubuta yadda za ka biya, ko da buhu-buhu ne bayan girbin shinkafa.