Ƙariya, wardin ƙasar rairayi: yadda ake shuka ta a tukunya

Darasinmu na wannan karo a kan fure yake. Wani zai ce ina ruwan manomi da fure, tun da ba a tuƙa tuwo da shi. Haka ne. Amma gida mai fure yana da daɗin zama, kuma a manyan birane kamar Yamai akwai masu cin abinci da sayar da shi. Ban da wannan, furen da za mu yi magana a kai yana da dafi. Saboda haka ya kamata kowane uba da kowace uwa su san shi.

Mu fara da wardi, wanda muke ganin hotonsa a jikin kwano da kwalbar turare. Akwai wani irinsa da Turawa suke kira floribunda, wato mai yawan fure, domin reshe guda yana fitar da furanni da yawa a dunƙule. Masu lambu na gidan Poulsen a ƙasar Danmak su ne suka yi suna wajen samar da shi a farkon ƙarni na 20. Jan irinsa ana shuka shi har a garuruwan bakin teku. Can abokan gabarsa uku ne: iska mai ƙarfi, gishirin da iskar take ɗaukowa daga teku, da ƙasa mai rairayi wadda ba ta riƙe ruwa. Shi ya sa suke dasa shi a bayan shinge, ko a cikin tukunya.

Mu a Dakoro ba mu da teku, amma waɗannan abubuwa uku ba baƙinmu ba ne. Muna da iskar hunturu, muna da rairayi, kuma akwai rijiyoyin da ruwansu yake da zartsi. Sai dai mutanen bakin teku sun fi mu da abu ɗaya: ruwa. A ƙasarmu ruwan sama na shekara yakan tsaya tsakanin milimita 300 da 400, cikin wata uku ko huɗu. Rijiyoyinmu kuma suna da zurfi.

Bari mu yi lissafi. A lokacin bazara, wardi ɗaya a tukunya yana shan kamar lita 2 kowace rana. A wata guda lita 60 ke nan, wato jarka 3 masu lita 20. Wa zai ja wannan ruwa? Galibi mace ce ko yaro. Wanda yake da famfo a gida kuma ransa yana son wardi, to ya nemi babbar tukunya mai faɗin santimita 40, ya ajiye ta a bayan zana inda za ta samu ranar safe da inuwar la'asar, ya rufe bakin ƙasar da ciyawa, ya riƙa tsinke furen da ya bushe. Ga sauran jama'a kuwa, muna ganin wahalar ta fi ribar yawa.

Allah ya ba mu namu. Ita ce ƙariya, wadda Turawa suke kira wardin hamada, masana kuma suke kira Adenium. Ba dangin wardi ba ce. 'Yar uwar tumfafiya ce. Tana fitowa tun daga Sanagal, ta bi ta Nijar da Sudan har gabashin Afirka da ƙasar Yaman. Sunan nan Adenium ma daga birnin Adan na Yaman aka samo shi. Gindinta kumburarre ne kamar tulu, a nan take ajiye ruwa. Rassanta masu kauri ne, ganyen yana can kan tsini. Furenta kamar bakin kakaki yake, mai kunnuwa 5, baki-baki ja, ciki fari-fari. Abin sha'awa, da rani take yin ado, lokacin da ta zubar da ganye kuma sauran itatuwa sun yi furu-furu. Sunanta yana tuna mana karin maganar nan da ake cewa ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya, domin furenta yana da yawa amma ba kasafai ake ganin 'ya'yanta ba.

Yau masu lambu a ƙasar Tailan da Indiya suna renon ƙariya a tukwane, sun fitar da launuka iri-iri, suna sayarwa ƙasashen duniya. Mu kuwa muna wuce ta a hanya ba mu ko waiwaya.

Yadda ake shuka ta

Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, domin ba ta ɗaukar zafi sosai. Ko tsohuwar tukunya da ta tsage za ta yi. Abin da ba a wasa da shi shi ne huji a gindi. A huda ta, a ɗora tsingaro a kan hujin don kada ƙasa ta zube. Sannan a haɗa rairayi kwano 2, da ruɓaɓɓen taki kwano 1, da dakakken gawayi ko tsakuwa kwano 1. Kada a sa ɗanyen kashin dabba, yana ƙona saiwa. Kada kuma a sa laka, tana riƙe ruwa.

Hanya mai sauƙi ita ce ta reshe. A yanko reshe mai tsawon taƙi ɗaya, mai kaurin babban yatsa. Kada a dasa shi a ranar. A ajiye shi a inuwa kwana 3 zuwa 7, har bakin yankan ya bushe. Nan ne mutane da yawa suke yin gaggawa, reshen ya ruɓe. Bayan ya bushe sai a soka shi cikin ƙasa kamar zurfin yatsa, a yayyafa ruwa kaɗan. Cikin 'yan makonni zai yi saiwa. Lokacin zafi ya fi dacewa da wannan aiki. Da sanyin hunturu itacen barci yake yi.

Wanda ya yi sa'ar ganin 'ya'yanta, biyu-biyu suke fitowa kamar ƙahon sa. In sun nuna sai su fashe, irin ya bi iska, domin yana da gashi a kai da gindi. Saboda haka a ɗaure su da zare kafin su fashe. A cire gashin, a kwantar da irin a kan rairayi mai laima, a rufe shi sama-sama. Yakan tsiro cikin mako ɗaya ko makamancin haka. Kada a ajiye shi ya daɗe, sabon iri ya fi tsirowa. Wadda aka shuka daga iri ita ce take yin ƙaton gindin nan da masu saye suke so. Ta reshe ta fi saurin fure, amma gindinta yana daɗewa bai kumbura ba.

Ƙariya tana son rana, aƙalla awa 6 a yini. Game da ruwa, ƙa'idar ɗaya ce: a tura yatsa cikin ƙasa, in da laima a bari. Da bazara kamar lita 1 a mako ta ishi matsakaiciyar tukunya, wato lita 4 ko 5 a wata. Ku gwada da lita 60 na wardi. Da hunturu sau ɗaya a mako biyu ya isa. Da damina kada a bar tukunyar a ƙarƙashin indararo. Yawan ruwa ya fi ƙishirwa kashe ta. In ganye ya yi rawaya kuma gindi ya yi taushi, ruwa ne ya yi yawa. Sai a tone ta, a yanke wurin da ya ruɓe, a shanya ta a inuwa, a sāke mata busasshiyar ƙasa. In tsutsa ta hau ganye a tsince da hannu. Ƙananan ƙwari kuma a wanke su da ruwan sabulu. Bayan shekara biyu a canza mata tukunya, in ba haka ba gindin zai fasa ta.

Hattara da dafinta

Duk jikin ƙariya yana da dafi: saiwa, ɓawo, ganye, fure da iri. Ruwan da yake fita in an yanke ta shi ya fi haɗari. Mafarauta a wurare da yawa na Afirka sun daɗe suna shafa shi a kibiya, masunta kuma suna kashe kifi da shi. Zuciya yake taɓawa, ya rikita bugunta.

Don haka a ɗora tukunyar a wuri mai tudu, inda yaro mai rarrafe ba zai kai ba, nesa da turken awaki. A gaya wa yara a fili cewa wannan fure na kallo ne, ba a tsotsa, ba a yin wasan girki da shi. Mai yankan reshe ya sa hannunsa cikin leda, kada ya taɓa ido ko baki, ya wanke hannu da sabulu in ya gama. Wuƙar ma a wanke ta sosai kafin ta koma madafa. Ba a yin asuwaki da reshenta, ba a yin tsinken nama da shi, ba a sa shi a murhu. Guntayen da suka rage a binne su.

Mun san akwai masu amfani da ita a maganin gargajiya. Shawararmu ita ce kada kowa ya jiƙa ta ya sha, kada kuma a ba yaro. Tsakanin abin da ake zaton magani ne da abin da zai kashe mutum, ratar kaɗan ce, kuma ba a iya auna ta a gida.

In ruwanta ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta har minti 15. In wani ya ci, alamun su ne amai, ciwon ciki, zawo, jiri, da bugun zuciya mai sanyi ko mai tsalle-tsalle. Kada a jira sai alamun sun bayyana, domin suna iya jinkiri. A cire abin da ya rage a bakinsa, a kuskure masa baki. Kada a tura masa yatsa don ya yi amai, kada a tsaya ana ba shi madara ko jiƙo da sunan karya dafi. A kai shi gidan likita mafi kusa, ko asibitin Dakoro, nan take. A ƙunshe ganyen ko furen a tafi da shi, a kuma faɗa wa ma'aikacin lafiya lokacin da abin ya faru da yawan abin da aka ci.