Yadda Ake Zaɓar Gasasshen Faifan Daimon Don Yankan Duwatsu Masu Daraja

Ana haƙo safaya a tsaunin Mambila na jihar Taraba, tofaz da akwamarin a yankin Jos, tomalin kuma a Nasarawa da Oyo. Yawancin waɗannan duwatsu suna barin Najeriya ɗanyu, sai sun isa birane irin su Bankok na Tailan ko Jaipur na Indiya ake yanka su, a can ne kuma darajarsu ke ƙaruwa. Wannan ya sa wasu matasa suka fara koyon yankan dutse ta bidiyon YouTube, suna yin odar kayan aiki daga waya. Bayan injin kansa, faifan da ke cin dutsen na cikin abubuwan da suka fi cin kuɗi. Wanda ya zaɓi faifai marar kyau zai yi asara sau biyu: kuɗin faifan, da dutsen da ya lalata.

Wannan darasi ya yi bayani a kan nau'in faifan da shagunan intanet ke rubutawa sintered, wanda a nan za a kira shi gasasshen faifai.

Mene ne aikin faifan?

Injin yankan dutse yana da faifai da ke juyawa a kwance, kamar faifan garmaho. Ana manna dutsen a bakin wani ɗan sandan ƙarfe, a saita kusurwa, sannan a sauke shi a kan faifan, ruwa na ɗiga. Ƙwayoyin daimon da ke jikin faifan su ne ke cin dutsen har fuska ɗaya ta fito sumul. Haka ake bi fuska bayan fuska. Yankan da'ira da aka fi sani a jikin zobba yana da fuskoki 57 ko 58.

Dalilin amfani da daimon shi ne tauri. A ma'aunin da Bajamushen nan Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daimon ne lamba 10, safaya 9, tofaz 8, akwamarin tsakanin 7.5 da 8, tomalin tsakanin 7 da 7.5, kwaz kuma 7. Daimon ɗin faifai ba na haƙa ba ne, na masana'anta ne. Kamfanin General Electric na Amurka ya yi nasarar haɗa shi a 1954, yau kuma Sin ce ke samar da mafi yawansa.

Bambancin faifai mai shafe da gasasshe

Faifai mai shafe, wanda ake rubutawa electroplated, kamar samfefa yake. Ana baza ƙwayoyin daimon a saman ƙarfe, a ɗaure su da shafen nikel ta hanyar lantarki. Shimfiɗa ɗaya ce tak. Yana da araha, yana ci da sauri idan sabo ne, amma kullum kaifinsa raguwa yake. Ranar da shimfiɗar ta cinye, faifan ya gama aiki.

Gasasshen faifai kuma kamar daɓen kankare yake, inda tsakuwa ke cikin siminti tun daga sama har ƙasa. Ana cakuɗa garin daimon da garin ƙarfe, galibi tagulla, a matse da ƙarfi, a gasa da zafin da bai kai na narkar da ƙarfen gaba ɗaya ba. Ƙwayoyin ƙarfen sai su haɗe su riƙe daimon ɗin a cikinsu. Idan saman ya cinye, sabbin ƙwayoyi na fitowa daga ƙasa. Shi ya sa yake shekaru yana aiki, kuma yanayin cinsa ba ya sauyawa sosai daga wata zuwa wata.

Akwai bambanci na biyu da ya fi daɗewar muhimmanci ga mai son aiki mai kyau. A faifai mai shafe, ƙwayoyin sun yi tsini sosai a waje, wasu sun fi wasu tsawo. Idan faifan sabo ne, dogayen kan yi wa dutse zane mai zurfi, su ɓantare gefen fuska. A gasasshe, yawancin jikin ƙwayar na binne a cikin tagulla, kanta kawai ke leƙowa. Don haka gasasshe yakan bar fuska mafi laushi fiye da mai shafe mai lamba iri ɗaya, sai dai yana ci a hankali.

Lambar kaushi: ita ce babbar shawara

Kowane faifai yana da lamba da ke nuna girman ƙwayoyinsa. Ƙaramar lamba na nufin manyan ƙwayoyi, babbar lamba kuma ƙanana. Ana auna ƙwayar da maikron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ga yadda masu sana'ar suka saba lissafawa:

Lamba 260 zuwa 360: na cire nama da fitar da siffar dutse.
Lamba 600: kimanin maikron 30, na yanka manyan fuskoki.
Lamba 1200: kimanin maikron 15, na daidaita fuskoki da yanka ƙanana.
Lamba 3000: kimanin maikron 6, na share fage kafin a fito da sheƙi.

Abin da mai koyo ba ya gani da ido shi ne ɓarnar da ke ƙarƙashin fuska. Daimon ba yankawa yake kamar wuƙa ba, farfasa saman dutsen yake a hankali, kuma tsagar tana nutsawa ƙasa da inda zanen ya tsaya. Babbar ƙwaya, tsaga mai zurfi. Dole mataki na gaba ya cinye wannan ɓarna duka. Idan bai cinye ba, sai an zo wurin fito da sheƙi ramuka da zane su bayyana, mutum ya riƙa zargin garin gogewarsa alhali matsalar ta faro tun daga faifan farko.

Saboda haka wanda kuɗinsa ba zai kai ga saiti guda ba, ya sa su a kan 600 ko 1200. Idan yawancin duwatsunsa ƙanana ne, irin safayar da ba ta wuce karat ɗaya ko biyu ba, 1200 ya fi dacewa, domin dutsen da nauyinsa bai kai rabin giram ba ba shi da naman da za a ɓarnatar. Karat ɗaya giram 0.2 ne kacal. Idan kuma manyan akwamarin da kwaz yake yankawa, 600 zai rage masa ɓata lokaci. Aikin cire nama kuwa ana iya barinsa ga faifai mai shafe mai araha, tunda duk abin da ya bari za a share shi daga baya.

A lura: gasasshen faifai ba ya fito da sheƙin ƙarshe. Wannan aikin wani faifai ne daban, irin na kuza ko makamancinsa, da ake shafa wa garin daimon mai lamba 50,000 zuwa 100,000, ko garin oksaid.

Abubuwa biyar da za a duba kafin a biya

Na ɗaya, faɗi. Injinan yankan dutse sun fi amfani da faifan inci 6 ko inci 8, wato kimanin milimita 150 ko 200. Inci 8 ya fi ba da fili, amma ya fi tsada da nauyi, kuma ba zai shiga injin inci 6 ba. A auna kwanon injin tukuna.

Na biyu, ramin tsakiya. Injinan Amurka irin su Ultra Tec da Facetron suna amfani da rabin inci, wato milimita 12.7. Ba kowane inji ke bin wannan ba. Ramin da ya yi faɗi zai sa faifan ya zauna a karkace daga tsakiya, wanda ya matse kuma ba zai shiga ba. A auna sandar injin da kalifa, kada a dogara da ido.

Na uku, kaurin shimfiɗar daimon. Wannan ne ainihin abin da ake biya wa kuɗi. Wasu tallace-tallace suna rubuta kaurin faifan gaba ɗaya, har da ƙarfen da ke ƙasa, don a ɗauka duka daimon ne. A tambayi mai sayarwa kai tsaye: milimita nawa ne shimfiɗar daimon ita kaɗai?

Na huɗu, yawan daimon a cikin tagullar. Masana'antu suna da ma'auni: lamba 100 na nufin karat 4.4 a kowace santimita kubik, wato rubu'in cakuɗen ta fuskar girma. Faifai biyu na iya zama da kauri ɗaya amma ɗaya ya ninka ɗaya daimon. Mai sayarwar da ya san kayansa zai iya faɗin wannan lamba.

Na biyar, daidaito. Faifan da ke hawa da sauka yayin juyawa ba zai bar kusurwoyin fuskoki su haɗu a wuri ɗaya ba, kuma zai riƙa dukan dutsen. Da zarar kaya sun iso, a ɗora faifan a kan inji, a kafa agogon awo irin na masu injin yankan ƙarfe a samansa, a juya da hannu. Idan allura na lilo sosai, a fara goge mazaunin faifan, domin ƙwayar yashi ɗaya na iya ɗaga shi. Idan an goge bai daina ba, a ɗauki bidiyo da waya a tura wa mai sayarwa kafin wa'adin mayar da kaya ya wuce.

Yadda ake gane na jabu a intanet

Kalmar sintered ba ta da tsadar rubutawa, don haka ana samun masu liƙa ta a kan faifai mai shafe. Hanya mafi sauƙi ita ce a nemi hoton gefen faifan daga kusa. A gasasshe na gaske za a ga shimfiɗa biyu a fili: ƙarfen ƙasa, da wata shimfiɗa a sama, galibi mai launin tagulla. Mai shafe kuwa ƙarfe ɗaya ne mai ƙyalli kamar azurfa, samansa kawai ke da kaushi. Idan farashin ya yi kusa da na mai shafe, nan ma akwai alamar tambaya, domin daimon ɗin da ke cikin gasasshe ya ninka na shimfiɗa ɗaya sau da yawa. A kuma lissafa kuɗin jigila da na kwastan tun farko, saboda faifan yana da nauyi.

Kula da shi

Dutsen niƙa idan ya yi santsi, koɗa shi ake yi da makoɗi. Gasasshen faifai ma haka ne. Wani lokaci tagullar da garin dutse kan toshe bakin ƙwayoyin, faifan ya yi sulɓi ya daina ci. Bai mutu ba. Ana goga masa sandar aluminiyam oksaid, injin na juyawa, ruwa na zuba, na 'yan daƙiƙu. Sandar na cinye ɗan saman tagullar, ƙwayoyi su sake leƙowa. A yi amfani da sandar da masana'antar ta ba da shawara, kuma kada a yawaita, tunda kowace gogewa na rage kaurin shimfiɗar.

Yayin yanka, a riƙa kai dutsen daga tsakiya zuwa gefe a dawo, kada a tsaya wuri ɗaya, don faifan ya cinye daidai ba tare da kwari ba. Bayan aiki a wanke, a busar, a ajiye kowane faifai a ledarsa. Ƙwaya ɗaya ta 260 da ta faɗo kan 1200 ta isa ta zane duk dutsen da ya biyo baya. Ruwa kuwa dole ne: yana sanyaya dutse, yana wanke gari, yana kuma hana ƙura tashi. Ƙurar kwaz tana jawo cutar huhu da ake kira silikosis, wadda ba ta warkewa.

Ga mai yankan tofaz akwai ƙarin hattara. Tofaz yana da wata fuska ta halitta da yake tsagewa a kanta cikin sauƙi, don haka ana karkatar da babbar fuskar sama da 'yan digiri daga wannan layi, kuma ana guje wa faifai mai kaushi sosai ko danna hannu da ƙarfi.

Wa ya kamata ya saya?

Wanda bai gama dutsensa na farko ba, ya fara da faifai mai shafe da kwaz mai araha, ya koyi saita kusurwa, ya gwada zane a manhaja irin su GemCad ko Gem Cut Studio kafin ya taɓa dutse mai tsada. A wannan mataki hannu ne ke kuskure, ba faifai ba.

Wanda kuma ya riga ya cinye faifai mai shafe biyu ko uku, ya yi lissafi: ya haɗa kuɗin da ya kashe a kansu har da jigila, ya raba da yawan duwatsun da ya yanka. Wannan ne kuɗin faifai a kan kowane dutse. Idan ya ninka shi da duwatsun da yake sa ran yankawa a shekara biyu zuwa uku masu zuwa, jimillar ta kai farashin gasasshe, to lokacin sauyi ya yi. Ya fara da 600 ko 1200 gwargwadon girman duwatsunsa, ya haɗa da sandar koɗawa a oda ɗaya, sauran lambobin su biyo baya idan aiki ya fara biyan kansa.