Darasi na Tara: Kalmar "Jijiya" a Bayanin Raunin Mahaɗar Wuya da Ƙirji da Hannu

1.0 Gabatarwa

Wannan darasi zai duba matsalar da mai fassara yake fuskanta idan kalmar Hausa ɗaya ta ɗauki ma'anonin da ilimin likita ya rarrabe. An ɗauki raunin mahaɗar wuya da ƙirji da hannu a matsayin misali, domin a nan kuskuren kalma yana iya jawo asarar hannu.

2.0 Tsarin Wurin

Ƙashin wuya shi ne wanda ya taso daga saman ƙirji ya haɗu da allon kafaɗa. A ƙarƙashinsa haƙarƙari na farko yake. Ta ɗan tsukin da ke tsakanin ƙasusuwan nan biyu abubuwa uku suke ratsawa: hanyar da take kai jini hannu, da wadda take mayar da shi zuciya, da kuma wani damin zarurruka mai saiwa 5 da ya fito daga laka. Damin nan shi yake kai umarnin motsi ga tsokar hannu, ya kuma mayar da saƙon zafi da taɓi zuwa ƙwaƙwalwa.

3.0 Yadda Raunin Yake Aukuwa

Ga manya, haɗarin babur ne kan gaba. Idan mutum ya faɗi a kan kafaɗa, kai ya yi gefe guda, kafaɗa ta yi ƙasa, sai zarurrukan su miƙe, ko su tsinke, ko su tumɓuke daga laka. Jarirai ma suna samun irin wannan rauni idan kafaɗa ta maƙale wajen haihuwa, kuma ana kiran nau'in da ya fi yawa da sunan Wilhelm Erb, likitan Jamus da ya yi bayaninsa a 1874.

Karayar ƙashin wuya ita kaɗai takan haɗe cikin mako 6 zuwa 12. Zaren da ya tsinke kuwa, ko an ɗinke shi, tofonsa bai wuce kimanin milimita 1 a rana ba. Shi ya sa likitoci suka fi son yin tiyata cikin wata 3 zuwa 6, tun tsoka ba ta ƙanƙance ba.

4.0 Matsalar Kalma

Bahaushe yana kiran duka abubuwa ukun nan "jijiya", har ma da igiyar da take ɗaure tsoka da ƙashi. Dubi wannan jimla:

(a) Jijiyar hannunsa ta tsinke.

Mai sauraro ba zai gane ko jini ne ya yanke ko motsi ba. Yana iya ɗauka targaɗe ne, ya nufi wurin maɗori. Mafita ita ce a yi amfani da mahaɗi a gina harɗaɗɗun sunaye:

(b) jijiyar kai jini
(c) jijiyar mayar da jini
(d) jijiyar laka
(e) jijiyar tsoka

Wannan hanya ta fi aro, domin kowane ɓangare na sunan sananne ne. Sai dai suna kaɗai bai isa ba, dole mai fassara ya haɗa shi da alamarsa. Idan (b) ta taɓu, hannu yakan yi sanyi, bugun jini ya ɓace, kuma asibiti ake nufa nan take. Idan (d) ce, hannu yakan shanye, ba ya jin taɓi. Ɗori ba ya maganin ko ɗaya daga cikinsu. Mai (d) yana bukatar likitan ƙwararru, kamar na Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano.

5.0 Kammalawa

An ga cewa faɗin ma'anar "jijiya" ba naƙasu ba ne ga harshe, amma wajibi ne malami ya taƙaita ta duk inda rai da lafiya suka rataya a kanta.

Jinga

1. Kawo ma'anoni huɗu na "jijiya", kowace a cikin jimla.
2. Sake rubuta jimla (a) yadda ɗalibin aji shida na firamare zai gane abin da ya kamata a yi.
3. Nemo wata kalmar sassan jiki mai irin wannan matsala, ka warware ta.