Abin da ke cikin gwaiduwar ƙwai

Masu karatu, mu fara da gwaji. Ku zuba ruwa da man gujiya cikin kwalba, ku girgiza. Jim kaɗan man zai koma sama. To, ku ƙara gwaiduwar ƙwai, ku sake girgizawa. Yanzu ruwa da mai sun gauraye. Abin da ya haɗa su sunansa lesitin.

Wani masanin magunguna na Faransa, Gobley, shi ya fara fid da shi daga gwaiduwa. A 1850 ya raɗa masa wannan suna. Akwai shi kuma cikin waken soja da gujiya. Ana sa shi cikin cakulan, a rubuta E322 bisa takardar.

Lesitin ba abu guda ba ne. Kitse ne iri-iri, kamar ƴan'uwa a gida ɗaya. Kowane yana ɗauke da fosfor. Manoma sun san fosfor: shi ne lamba ta tsakiya ke nunawa a buhun taki 15-15-15.

Ta yaya masana ke rarrabe su? Suna da na'ura da ake kira RMN da Faransanci. Ga aikinta:

1. A narkar da lesitin, a zuba cikin siririyar kwalba wadda ba ta kai kaurin fensir ba.
2. A sa ta tsakiyar wani babban mayen ƙarfe.
3. A aika mata igiyar rediyo.
4. Fosfor ya amsa. Kowane irin kitse yana amsawa a wurinsa, kamar yadda kowace tasha ke da wurinta a rediyo. Girman amsar shi ke nuna yawansa.

Masana biyu a Amurka, Bloch da Purcell, su suka bayyana wannan hanya a 1946. Da irinta na'urar IRM ta asibiti ke aiki.

Mi awo ya nuna? Cikin lesitin na ƙwai, wajen kashi 7 bisa 10 iri ne mai ɗauke da kolin. A na waken soja bai kai rabi ba. Kolin kuwa hanta da jijiyoyi da ƙwaƙwalwa suna bukatarsa, balle ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki. A 2016 hukumar lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce mai ciki tana bukatar miligaram 480 kowace rana. Babban ƙwai guda yana da kusan 150.

A garuruwanmu ana cewa yaro mai cin ƙwai zai zama ɓarawo. Wannan camfi ne. Ƙwai ba ya koyar da sata, gina jiki yake yi. In damina ta yi, zabi suka yi ƙwai, kada mu kai shi duka kasuwa. Mu rage wa mai ciki, da mai goyo, da yaron da ya cika wata 6. A dafa shi sosai, don ɗanyen ƙwai yana iya kawo zawo. Wanda muka yi gwaji da shi a zubar.

Tambayoyi:
1. Mi ke haɗa ruwa da mai?
2. Mine ne amfanin kolin?
3. A gidanku, wa ke cin ƙwai?