Saƙar Faifai da Kiyaye Kaba

Saƙar faifai tsohuwar sana'a ce ta matan Taloka da sauran ƙauyukan Goronyo, Wurno da Rabah. Da faifai ake rufe ƙwaryar nono, da shi ake bakace, shi ne kuma adon bangon ɗakin amarya.

Ga yadda ake yinsa. Akan yanko kaba, watau ganyen ƙaramar goruba, a shanya, a tsattsage siri-siri. Wadda ake so ja sai a rina ta da karan dafi. Masaƙiya takan dunƙule 'yar ciyawa ta zama cibiya, ta riƙa naɗe ta da kaba, tana ɗinke kowane zagaye da na bayansa, har faifai ya yi faɗi. In ɗinki ya yi sako-sako, gari zai zuba ta kafofin.

Amma fa ba faifai sai da kaba. Mai yanka in ya haɗa da zuciyar tsiron, ya hana shi zama goruba ke nan. Saboda haka ya kamata uwayen ƙasa su gargaɗi hakimai da masu unguwa su hana wannan ɓarna. Magatakarda kuwa su rubuta wuraren da kaba ta soma ƙaranci, a sanar da ma'aikatan gandun daji.