Kalmomi Uku Na Turanci Da Ba A Musanya Su

'Yan'uwana ɗalibai, ga abin da ya same ni sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar firamare a Shadawanka, wajen barikin soja na Bauchi. A can na koyi bambancin waɗansu kalmomi uku waɗanda dā nake tsammani duk ɗaya ne.

Ran nan bayan an tashi, maigadin makaranta ya kama wani yaro ya hauro katanga yana tsinkar mangwaro. Ya yi ta zuba masa sanda har hannunsa ya kumbura, sa'an nan ya kulle shi cikin sito har magariba. Kashegari uban yaron ya kawo ƙara. Hedimasta ya ce in rubuta rahoto da Turanci, za a aika ofishin ilmi. Ni kuwa sai na rubuta cewa duk abin da maigadi ya yi unjustified ne.

Hedimasta ya karanta, ya dube ni, ya ce, "Malam, ashe yaron bai hauro katanga ba?" Na ce, "Ya hauro, ranka ya daɗe." Ya ce, "To, ka ce an kama shi ba gaira ba dalili ke nan. Ka yi wa maigadi ƙazafi, ka kuma ɓoye ainihin abin da aka yi wa yaro. Zauna." Ga abin da ya koya mini.

Ta farko, unjustified. Tushenta justify, watau kawo hujja, un kuwa a farkon kalma korewa take yi. Tambayarta ita ce, akwai dalili? 'Yar'uwarta unwarranted. Da yaron wucewa kawai yake yi bisa hanya aka cafke shi, lalle wannan ce kalmar. Amma kamun nan yana da hujja.

Ta biyu, excessive, daga exceed, watau wuce iyaka. A nan dalili akwai shi, amma an zarce. Tambayarta, an tsaya bisa gwargwado? 'Yar'uwarta undue. Dukan nan excessive ne. Dokar laifuffuka ta Jihar Arewa, wadda ake kira Penal Code, da aka kafa a 1959 ta fara aiki a 1960, ta ce ko mai kare kansa ba shi da ikon yin ɓarnar da ta wuce abin da kariyar ke bukata. To, balle a kan mangwaro.

Ta uku, unlawful, daga law, watau doka. Tambayarta, doka ta yarda? 'Yar'uwarta illegal. Kulle yaro cikin sito unlawful ne, don wanda ya kama mai laifi aikinsa ya miƙa shi ga hukuma ba da jinkiri ba. Sunan wannan laifi a waccan doka wrongful confinement. Har wa yau, Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 35, ya ce wanda aka kama ko aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da ba da haƙuri a bainar jama'a.

Ku lura fa, aiki ɗaya yana iya ɗaukar kalma biyu. Dukan da ya wuce kima, in ya je gaban alƙali, yana iya zama unlawful kuma. Saboda haka ita wannan kalma ta fi sauran nauyi, kada ku jefa ta sai kun san dokar da aka karya.

Na sake rahoton, kowane aiki da kalmarsa. Aka ja wa maigadi kunne ƙwarai, ya biya kuɗin magani, ya ba uban yaron haƙuri, bai rasa abincinsa ba.

Gobe ku ne za ku rubuta rahoto a kan ɗan wani ko a kan abokin aikinku. Ga abin gwaji: malami ya ci yaro tarar kuɗi mai yawa don ya makara sau ɗaya. Wace kalma ta dace, kuma don me? Ku yi tambayoyin nan uku kafin ku ɗora alƙalami bisa takarda. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya sa mu dace, amin.